Turaren da Rana Ta Shanye

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gaida duk wadda ta ajiye aikin hannunta ta buɗe waya don ta ji halin da nake ciki. Ku yi mini uzuri, yau raina a ɓace yake. In kun ji magana ta karkace, ba halina ba ne.

Ni ce Tarannum, autar Hafizullah mai turare, a nan Kannauj. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da yayata Ishrat, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa bara waccan, ana tsakiyar damina. Mai nemana kuwa Sharik ne, ɗan marigayi Wajid, aminin Abbu, wato mahaifina, tun suna yara suna hura wuta a ƙarƙashin tukwanen tagulla. Bayan rasuwar mahaifinsa suka koma Kanpur, can yake gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Ina son shi. Na faɗa muku ku, amma ko madubi ban taɓa faɗa wa ba.

Abin ya faro ne ranar da Fufi Mehrun, ƙanwar Abbu, ta shigo gidanmu tana haki, mayafinta ya zame kafaɗa, ta rungumo wani kwali kamar jariri.

"Ke Tarannum, fito daga bayan labulen nan. Ni ce, ba surukarki ba."

Na fito ina jan ƙafa. Ammi, mahaifiyata, tana zaune kan gadon igiya a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Daga Kanpur," in ji Fufi, ta dire kwalin a cinyata. "Ranar Lahadi uwarsa da ƙanwarsa za su zo. Saura ki yi musu abin da kika yi wa na bara, ki kafa ido a yatsun ƙafarki kamar yau kika fara ganinsu."

A danginmu ba a tambayar yarinya da baki ko tana so. Gidan saurayi ke aiko mata da turare. Ranar da uwarsa ta zo, za ta rungume ta a bakin ƙofa. In ta ji ƙamshin a wuyanta, ta amince ke nan, sai ta ɗauki alawa ta sa mata a baki, magana ta ƙullu. In ba ta ji ba, a sha shayi, a yi hirar zafin gari, kowa ya kama gabansa ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Ni wannan al'adar daɗi take mini, don ta ɗauke mini nauyin buɗe baki. Ashe ita za ta shaƙe ni.

Kwalin baƙi ne, an ɗaure shi da zare ruwan zinariya, ledarsa ma ba a ɓare ba. Kwalbar ciki mai nauyi, ruwanta shuɗi-shuɗi kamar ƙanƙara. An yi rubutu da harshen da ban sani ba. Turaren feshi ne, irin wanda 'yan mata ke ɗagawa a bidiyon waya suna lumshe ido.

"Shi ake yayi," Fufi ta ce. "Bara kowace yarinya ƙamshin kek take yi, ka shiga gidan biki kamar ka shiga gidan burodi. Bana kuma mai sanyi ake so. Ku da turarenku na tsofaffi, sai liman da masu taba." Ta fizge murfin ta fesa sama sau biyu.

Da fari lemo na ji, da na'ana'a, da wani zaƙi-zaƙi. Na ce a raina, to, ba laifi, zan iya. Sai waɗannan suka janye, abin da ke ƙarƙashinsu ya taso.

Kafur.

Ranar da aka yi wa Ishrat Aapa wanka, ni aka ba kwanon ruwan ƙarshe, wanda aka jiƙa kafur a ciki. Ina riƙe da shi Fufi tana ɗiba tana zubawa a gashinta, gashin da ni na taje mata shi da safen da aka tafi da ita asibiti. Tun daga ranar kafur bai sake kwana a gidanmu ba. Har 'yan ƙwallayen da ake sawa cikin akwati saboda asu Ammi ta kwashe ta zubar, ta koma ganyen darbejiya.

Na dubi Ammi. Hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa. Na ga hancinta ya buɗe ya rufe. 'Yar masu turare ce ita ma, daga ƙofar gida take gane furen da aka ɗora a wuta.

"Masha Allah," ta ce. "Yaron ya iya zaɓe."

Bayan Fufi ta tafi na bi ta kicin. Na daɗe ina goge faranti ɗaya kafin na samu murya.

"Ammi, kin ji abin da na ji?"

"Na ji turaren kanti mai kyau."

"Akwai kafur a ciki."

"Babu."

"Ammi..."

"Na ce miki babu." Ta juya mini baya tana yanka albasa da ƙarfi. "Ke komai sai kin tono masa aibu. An kawo miki atamfar ɗinki kin ce tana ƙaiƙayi, an kawo manemi daga Farrukhabad kin ce takalminsa na wari. Shekararki ashirin da huɗu, karatu aji huɗu, baki kamar an ɗinke. Wa kike jira? Wannan yaron ya san duk wannan ya ce ya ji ya gani."

"Ni ma ban ce ba na so ba."

"To ki fesa. Yini ɗaya ne. Ki toshe hanci, a sa miki alawa a baki, in sun tafi ki shiga wanka har fatarki ta saɓule. Ni na binne ɗaya, ki bar ni in ga ɗaya a ɗakinta."

Ba ta juyo ba. Ban san ko albasa ce ke sa ta jan hanci ba. Na ajiye farantin na fita.

Da yamma saƙon Sharik ya shigo. Bari in gaya muku abin da ya sa nake son shi. Farkon da aka ba shi lambata, rubutu yake turo mini, dogo-dogo, ni kuma sai in zauna ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya har shayi ya huce kafin in ba da amsa. Bai taɓa tambayata dalili ba. Rana ɗaya kawai ya daina rubutu ya koma saƙon murya, wai hannunsa duk maiƙo ne. Har yau hannun nan bai bushe ba.

Na sa wayar a kunne a bayan ƙofa.

"Salamu alaikum, 'yar gidan Hafizullah. An ce saƙona ya iso. Ya kika gan shi? Ki faɗi gaskiya, ni mai gyaran firij ne, na saba jin ƙorafi."

Na danna na fara. "Wa alaikumus salam. Turaren... wato akwai..." Na goge. Na sake. "Ka san yayata..." Na goge. Wa ke karɓar kyautar neman aure ya ce tana warin gawa? Da wane baki?

Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "Kwalbar ta yi kyau."

Ya turo dariya. "Kwalba kawai? To Alhamdulillahi, mun ci rabin jarrabawa. Ƙanwata Uzma ta ce a Lakhnau layi ake yi a kansa. Ranar Lahadi ki cika shi sosai, Ammina mura take yi, kada ta ce ba ta ji ba."

Na jefa wayar kan katifa. Haushin kaina ya fi na kowa.

Washegari na gwada. Na shiga banɗaki na rufe, na fesa ɗan kaɗan a bayan hannuna, na ce bari in saba da shi kamar yadda ake sabawa da magani. Ban kai ga ƙirga komai ba ƙamshin ya mayar da ni ranar wankan nan. Na ga farin ƙyalle, na ji sanyin kwanon nan a tafina. Na wanke da sabulu, na goge da toka, na shafa lemon tsami, duk da haka yana nan. Ranar ko loma ɗaya ban kai baki ba, don hannun da zan ci da shi ne.

Ni fa abin da nake so ba shi da wuya. Turaren ƙasa nake so, wanda Abbu ke dafawa daga gutsattsarin tukwanen yumɓu ya tara a man sandal, mai ƙamshin ruwan farko a busasshiyar ƙasa. Ɗigo ɗaya a bayan kunne ya ishe ni yini. Ammi ta ce na tsofaffi ne da Turawa masu yawon buɗe ido, ba na amarya ba. Kowa ya san abin da ya dace da ni, ni kaɗai ce ban sani ba.

Ina shanya a saman bene dabarar ta zo mini.

A jikin katanga Abbu ke jera kuppi, tandunan fata da ake zuba sabon turare. In an sauke turare daga tukunya, yakan zo da ɗan ruwa da wani ɗanyen wari. Sai a zuba shi a tandu a ajiye a rana. Fata tana numfashi: ruwan da warin su fice ta jikinta, mai ya zauna, ƙamshi ya gyaru. Tun ina rarrafe nake ganin ana yi. Ban taɓa ganin turaren da tandu ya kasa gyarawa ba.

Na ce to, kafur ai mai saurin tashi ne. A bar shi a buɗe ma ƙarewa yake yi. In na juye turaren Sharik a tandu, rana ta zare kafur ɗin ta bar mini lemon da zaƙin, ranar Lahadi in shafa, uwarsa ta ji, Ammi ta huta, ni ma in tsira. Babu wanda zan yi wa magana. Wallahi har murmushi na yi ni kaɗai, ina ganin duk Kannauj babu mai wayona.

Na jira Ammi ta tafi gidan maƙwabta. Kan kwalbar ba ya murɗuwa, an matse shi da ƙarfe. Na ɗauko filayar Abbu na kama na ja, na ja, sai ji na yi ƙas, wuyan ya tsage. Na ce aikin gama ya gama. Na ɗaure hancina da gefen mayafi, na tace shi da ƙyalle mai shara-shara saboda gilas. A kan kantar ɗakin aiki akwai wani ƙaramin tandu, baƙi ƙirin don tsufa, babu komai a ciki. Na juye duka, na toshe, na kai shi bayan tankin ruwa inda biri ba ya kaiwa. Fasasshiyar kwalbar na mayar kwalinta na tura ƙarƙashin gado.

Rana kuwa ta yi aikinta. Watan zafi ne, irin wanda in ka taka bene ba takalmi sai ka yi rawa. Ban buɗe tandun ba ko sau ɗaya, don Abbu kan ce mai yawan leƙa tandu shi ke ɓata turare.

Ranar Lahadi tun asuba gida ya kacame. Ammi ta ɗora shinkafa da nama, Fufi na soya samosa tana ba da umarni, an shimfiɗa farin zanin gado mai fure a falo, an fito da kofunan da ba a taɓawa sai da baƙi. Aka ba ni riga da wando ruwan hoda, ɗinkin hannu na Lakhnau a wuya da bakin hannu, mayafi mai ɗigon azurfa, da warwaron gilas kore har gwiwar hannu. Fufi ta ja mini kwalli, ta ja da baya ta dube ni.

"Ka ga mutum. Ashe akwai fuska a ƙarƙashin kunyar nan. Je ki fesa, sun kusa."

Na haura bene warwaro na ƙara. Na ɗaga tandun.

Babu nauyi. Kamar busasshen ƙoƙo.

Na girgiza, shiru. Na cire toshiyar na kifa shi a tafina, na jira, na bubbuga gindinsa. Da ƙyar wani abu mai danƙo ya gangaro, ɗigo ɗaya, ruwan ƙasa, yana warin sukarin da ya ƙone a tukunya. Lemon ya tafi, sanyin ya tafi, turaren gaba ɗaya ya bi iska. Na kai tandun hanci. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya, ya shige cikin fatar ya yi zamansa.

Na tsaya a rana ban san tsawon lokacin ba, har na ji keken haya na riksho ya tsaya a ƙofa, Fufi tana kwaɗa mini kira.

Khala Sarwat, mahaifiyar Sharik, doguwa ce mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Ta shigo da sallama, Uzma na biye da ita riƙe da kwalin alawar madara, ita kuma ƙamshinta ya riga ta shiga falo. Ammi ta turo ni gaba da yatsa a tsakiyar bayana.

Khala ta buɗe hannu ta rungume ni. Na ji numfashinta a wuyana na dama. Ta ɗan tsaya. Ta juya ta koma na hagu, ta ja numfashi a hankali, ta yadda babu wanda zai lura sai ni. Sabulu kawai ta samu, da zufa.

Ta sake ni, ta gyara mini mayafi a kafaɗa. "Allah ya raya ki, 'yata," ta ce, ta nemi wuri ta zauna.

Aka kawo shayi. Aka yi maganar zafi, aka yi maganar wutar lantarki, aka yi maganar tsadar tumatir. Kwalin alawa yana kan cinyar Uzma, ba ta ajiye shi kan tebur ba. Ammi tana dariyar da ba ta kai ido ba, tana harara ta ta gefen kofi.

Uzma ce ta kasa haƙuri. "Tarannum Aapa, ba ki sa turaren ba? Ni fa na raka yayana har kantin. Mai kantin ya ce guda biyu suka rage."

"Uzma," in ji uwarta.

"Tambaya kawai na yi, Ammi. Ko ba a sa na feshi a nan? Na ji an ce wasu har yanzu auduga suke cusawa a kunne."

"Ta sa mana," Ammi ta yi caraf. "Tun safe ta sa, zafin nan ne ya shanye. Ke je ki ɗauko ki ƙara, kowa ya ji."

Ban motsa ba.

"Tarannum. Da ke nake."

Duk suka zubo mini ido. Maganar tana nan a maƙogwarona, a jere, tun daga kwanon har tandu. Khala ma ta ɗan sunkuyo, ta cire gilashinta, kamar mai cewa faɗi, ina ji. Da na buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Na fasa kwalbar."

"Faɗuwa ta yi?" Khala ta tambaya a hankali. Mafita ce ta ba ni, na gani sarai. In na ce e, an wuce wurin.

"A'a. Da filaya."

Fufi ta ajiye samosar da ta kai baki. Ni kuma sauran maganar ta koma ciki, na kafa ido a yatsun ƙafata.

Ba su ci shinkafar ba. Khala ta ce suna son su kama motar azahar. A bakin ƙofa ta riƙe hannun Ammi ta ce zumuncin Wajid da Hafizullah ba abin da zai taɓa shi. Uzma ta fita da kwalin alawarta a hammata kamar yadda ta shigo da shi.

Abin da Ammi ta faɗa mini bayan an rufe ƙofa ba zan maimaita muku duka ba. Ta ce da ta san haka ne da ta haifi turmi, aƙalla shi in an daka yana amsawa. Fufi ta ce a kai ni a yi mini addu'a. Ina tsaye da kwalliyata kamar 'yar tsana, sai ga Abbu ya shigo daga wurin tukwane, rigarsa duk toka, yana tambaya wa ya ɗauke masa tandun wardi daga kan kanta.

Na haura na ɗauko na miƙa masa da hannu biyu.

Bai kai shi hanci ba ma. Daga nesa ya tsaya, fuskarsa ta sauya. "Wannan tandun na mahaifina ne. Tun kafin a haife ni ba a taɓa zuba masa komai ba sai wardi. Me kika sa a ciki?"

Shi na iya faɗa wa, ban san dalili ba. Wataƙila don bai dube ni ba, tandun yake kallo. Na faɗa masa tun daga fesawar Fufi har bayan tanki.

Ya ce, "Na kanti ba mai ba ne, 'yar nan. Kusan dukansa ruwa ne mai tashi, shi ya sa ake matse masa wuya da ƙarfe. Kin ɗauki kyautar mutane kin yi wa rana sadaka." Ya juya tandun a hannunsa, ya shinshina bakinsa, ya runtse ido. Sai ya dubi Ammi. "Kin ji wannan kika ce ta shafa?"

Ammi ta ja mayafi ta rufe baki, ta shige ɗaki.

Na ɗauka Abbu ya tsaya mini, har zuciyata ta fara sanyi. Ashe wata wutar ce za ta kama.

"Ɗan Wajid," ya ce, yana girgiza kai. "Wajid da ke gane wardin gonar wane daga na gonar wane. Ɗansa ya shiga kanti, ya shinshina wannan, ya aiko wa gidan da aka yi rashi, a matsayin turaren neman aure." Ya ajiye tandun a kan taga. "Ni ba ni da ɗa namiji. Wanda ya ɗauke ki, shi zan bar wa tukwanen nan, da haka muka yi da ubansa. Zan kira uwarsa in ba ta haƙuri, in ce ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Zan sa masa auduga uku a gaba ya faɗa mini abin da ke jikin kowace. In rashin hankali ne, yaro ne, ana gyarawa. In kuwa rashin hanci ne, gara da kwalbar ta fashe."

Ya koma wurin aikinsa.

Bayan la'asar na haura bene da wayata, ko kayan ban cire ba. Saƙon Sharik guda ɗaya ne, gajere, ba dariya a ciki. "Ammi ta kira ni daga mota. In ba kya so, da kin gaya mini ni. Ba sai da filaya ba."

Na zauna a inuwar tanki na danna, na rantse ba zan ɗaga yatsa ba sai na gama. Wani wurin ma kuka ne, amma na faɗa. Na faɗa masa kwanon, da gashin Ishrat Aapa, da tokar da na goge hannu da ita. Na faɗa masa wautar tandu. Na ce ba ƙin shi na yi ba, so na yi in gyara turaren in shafa. Na ce Abbu zai kira shi ranar Juma'a da auduga uku. A ƙarshe na ce, "Ni ina so. Ga shi na faɗa da baki tunda turaren ya ƙare." Na saki, ya tafi, kafin in samu damar gogewa.

Alamar ta koma shuɗiya. Ya saurara. Na ga yana ɗaukar murya, ya daina. Ya sake, ya daina. Ashe ba ni kaɗai ke yin haka ba.

Da saƙon ya shigo, muryarsa ƙasa-ƙasa take, ana jin ƙarar fanka a bayansa.

"Tarannum, ki yafe mini. Wallahi ban san akwai kafur ba. Ba yadda za a yi in sani." Sai ya ci gaba. "Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da gari, ban sake jin ƙamshin komai ba. Ko wari. Ko iskar gas ce ke zuba a wurin aiki, sai abokin aikina ya ja ni waje. Ammi ba ta sani ba, ta sha kuka a kan Abbana, ba zan ce mata hancinsa ma ya mutu a jikina ba. A kantin nan na kai kwalba hanci na gyaɗa kai don Uzma na kallona. Wadda suka ce ana yayi na ɗauka, don na ga launinta zai dace da ke."

Wani saƙon ya biyo baya nan take, ɗan gajere.

"Zan zo ranar Juma'a. Ke kike jera wa Abbu auduga in zai gwada turare, ko ba haka ba? Ba zan roƙe ki komai ba. Na dai tambaya."

Ni ce nake jerawa. Tun rasuwar Ishrat Aapa ni ce.

Ina riƙe da wayar na ji takun Abbu a matakala, a hankali, yana hutawa a kowace hawa saboda gwiwarsa. Ya leƙo da kansa, idonsa ja don hayaƙi, ya miƙo mini 'yar ƙaramar kwalba a tafinsa. Turaren ƙasa ne, na bara, wanda ya ce ba na sayarwa ba ne.

"Riƙe wannan, ki daina kuka," ya ce. "Ranar Juma'a ke za ki zaɓi ukun da za a sa masa. Kada ki tausaya masa, kuma kada ki gaya wa kowa. Duk gidan nan hancinki kaɗai na yarda da shi."

Na karɓa da hannun dama. Wayar tana hannun hagu, a bayan mayafi, tana haske.